Tun Ran Gini Tun Ran Zane: Jawabi a Kan Sa Hannun Jama'a Cikin Tsarin Birni

Jawabin da Sakataren Liman ya gabatar a wajen bikin aza harsashin ginin masallacin Juma'a



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya nufe mu da ganin wannan rana mai albarka. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Ranka ya daɗe Hakimi, Allah Ya ja zamaninka. Dagaci da masu unguwanni, Allah Ya ƙara muku girma. Allah gafarta Malam Liman da na'ibansa da sauran malamanmu. Wakilan hukuma, attajirai da masu sana'a, iyayenmu mata, samari da 'yan makaranta, muna yi wa kowa barka da zuwa, tare da fatan Allah Ya ba da ladan zumunci.

Bayan haka, falalar gina masallaci malamai sun riga sun yi bayaninta, ba ni da abin da zan ƙara. Abin da Malam Liman ya umurce ni in yi magana a kansa shi ne sha'anin tsarin birni, da kuma hakkin da ya rataya a wuyan jama'a su sa hannu a cikinsa. Kowa ya ga cewa kafin a haƙa ramin harsashin nan sai da aka tara malamai da magina da dattawa aka tabbatar da alƙibla, domin in an zuba kankare ta sandare, babu mai juya ginin kuma sai da rushewa. To, gari ma haka yake. Ranar da ake jan layi a takarda, ranar ce ta magana. Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane.

Mene ne Babban Tsarin Birni?

Babban tsarin birni shi ne littafi da taswira waɗanda gwamnati ke sa masana su shirya, su nuna yadda ake son birni ya kasance nan da shekara 20 ko fiye. A cikinsa ake ƙayyade inda manyan hanyoyi za su bi, da inda za a yi gidajen kwana, da masana'antu, da kasuwa, da tasha, da makaranta, da asibiti, da maƙabarta, da filin idi. A cikinsa kuma ake nuna ta inda ruwan sama zai bi ya fita daga gari, da wuraren da za a bari fili ba a yarda a yi gini ba. Daga wannan babbar taswira ake fitar da ƙanana na unguwa-unguwa, waɗanda ake yanka fuloti a kansu.

Jama'a, wannan takarda ba ƙaramin abu ba ce. Layi guda da ma'aikaci ya ja da alƙalami a ofis, in ya sauka ƙasa yana iya zama titin da zai ratsa ta tsakar gidan gado. Wuri guda da aka manta ba a ware wa maƙabarta ba, yana iya zama sanadin ɗaukar makara a tafi da ita mil biyar a cikin rana. Saboda haka maganar tsarin birni magana ce ta dukiyar marayu, da lafiyar yara, da zaman lafiyar maƙwabta.

Yadda Magabata Suka Zauna

Bari mu fara da birninmu na Kano. Tarihi ya nuna cewa Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwa wajen ƙarni na 12, sa'an nan Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, ya gina gidan sarautar da har yau ake kira Gidan Rumfa, ya kuma kafa Kasuwar Kurmi. Waɗanda suka ja wannan ganuwa sun yi hangen nesa, gama sun kewaye fili mai yawa fiye da inda gidaje suke. Baturen nan matafiyi ɗan ƙasar Jamus, Barth, da ya zo Kano a 1851, ya tarar da babban ɓangare na cikin ganuwa gonaki ne da fili. An bar shi ne domin abinci a lokacin yaƙi, da kuma mazaunin 'ya'ya da jikoki.

A cikin birnin nan kowace unguwa sunanta yana faɗin labarinta. Soron Ɗinki da Dukawa sun samu suna daga sana'a. Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Agadasawa da Ayagi sun samu suna daga baƙin da aka saukar a wurin. Madabo kuwa an san ta da malanta, Ƙofar Mata da karofi. Kududdufan da aka haƙa wajen ɗibar ƙasar tubali su ne suka zama matattarar ruwan sama, rarar kuma ta gangara Jakara. In damina ta wuce, akan yi gayya a gyara ganuwa.

Ba na cewa zamanin nan aljanna ne. Magana ta ƙarshe ta Sarki ce, wahalar aikin kuwa ta talakawa. Amma akwai abu guda da ya kamata mu lura da shi: wanda ke nuna wa mutum inda zai yi gini, watau mai unguwa, a cikin unguwar yake kwana. Maginin da zai ɗora indararo maƙwabci ne, ya san katangar da ruwan zai zubar wa. In aka samu saɓani a kan hanya ko taga ko magudana, akwai alƙali, akwai kuma hukunci sananne a littattafan fiƙihu. Almajirai sun san cewa in an yi jayayya a kan faɗin hanya, kamu bakwai ake bar mata. A birnin Tunis ma, a ƙarni na 14, wani magini mai suna Ibnur Rami, wanda alƙalai kan aika ya duba rigingimun gini, ya tara irin waɗannan hukunce-hukunce a littafi guda bisa mazhabar Malikiyya. Ashe tun da can masani da mai hukunci da maƙwabci tare suke zama a kan sha'anin gini.

Da Taswira Ta Koma Ofis

Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911. Daga nan sai gari ya fara fita bayan ganuwa bisa wani sabon tsari wanda ba a tambayi kowa ba. Aka keɓe Nassarawa domin Turawa, aka yanka Sabon Gari domin ma'aikata da 'yan kasuwa da suka zo daga Kudu da ƙasashen waje. Dokar garuruwa ta 1917, ta zamanin Gwamna Lugga, ita ce ta ƙarfafa wannan rarrabewa, har aka riƙa barin fili mai faɗin yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa. Tun daga lokacin nan taswira ta bar zauren mai unguwa ta koma ofis, harshenta kuma ya koma Turanci.

Bayan samun mulkin kai, aka sa wani masani Bature mai suna Trevallion ya shirya wa Kano da kewayenta tsarin shekara 20, daga 1963 zuwa 1983. Aiki ne na ilmi, ba a raina shi ba. Amma a 1963 mutanen Kano ba su wuce kimanin 300,000 ba. Da aka yi ƙidayar 2006, ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye, watau Birni, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nassarawa, Kumbotso da Ungogo, sun tashi da mutum kimanin miliyan 2.8. Jama'a ta yi gaba, taswira tana baya.

Ina mutanen nan suka zauna? Kowa a nan ya san amsa: awon igiya. Manomi ya sayar wa dillali gona, dillali ya ja igiya ya yanka ta ƙanana-ƙanana domin fuloti su yi yawa, ya bar lungun da amalanke ma da ƙyar take wucewa. Ba a ware makaranta ba, ba a ware ɗakin shan magani ba, ba a bar wa ruwa hanya ba. Maƙwabcinsa shi ma ya yanka tasa gonar ba tare da ya dubi inda lungun na farko ya ɓullo ba, sai hanya ta zo ta ci karo da katanga. Ta haka manyan ɓangarori na unguwanni irin su Kurna da Rijiyar Lemo da Bachirawa da Ɗorayi da Sheka da Rimin Kebe suka tashi. Kada kuwa mu yi saurin zargin talaka. Fulotin gwamnati kaɗan ne, samunsa da wuya, takardunsa da jinkiri, mai iyali kuwa yana gidan haya ba zai iya jira ba. Amma sakamakon kowa ya gan shi: ranar gobara motar 'yan kwana-kwana ta tsaya a bakin titi tana kallon hayaƙi, ranar naƙuda a ɗauko mace a hannu zuwa inda mota ta tsaya.

Darasi Daga Kaduna da Abuja

Domin mu gane abin da tambayar jama'a ke yi da abin da rashinta ke jawowa, bari mu leƙa birane biyu na ƙasar nan.

Kaduna ta zama hedkwatar Arewa a 1917. Da ta cika shekara 50, a 1967, wani masani ɗan ƙasar Ingila mai suna Max Lock da abokan aikinsa suka fitar mata da tsarin da ya hangi har zuwa 2017. Shi wannan mutum an san shi da cewa ba ya jan layi sai ya binciki yadda mutane suke zaune, da sana'o'insu, da kasuwanninsu, da inda suke zirga-zirga, haka kuwa ya yi a Kaduna. Duk da wannan ƙoƙari, da masana suka gama suka tafi, littafin ya zauna a ofisoshi, gari kuma ya ci gaba da yaɗuwa ta wurare irin su Rigasa, mafi yawa ba bisa taswira ba, har aka sake duba tsarin a 2010. Darasin da ke ciki shi ne, tambayar mutane sau ɗaya ba ta isa ba. Tilas ne tsarin ya zauna a hannunsu, su san abin da ke cikinsa, domin taswirar da jama'a ba ta sani ba babu mai gadinta.

Abuja kuwa, a 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda domin ya duba batun sabon babban birni, aka kafa dokar ƙirƙiro shi a watan Fabrairu 1976. Masana daga Amurka suka miƙa babbar taswira a 1979, gwamnati ta tare daga Ikko ranar 12 ga Disamba 1991. An fara aikin ne da zaton cewa mazauna wurin kaɗan ne, za a kwashe su duka a sake musu matsuguni a waje. Da aka shiga ƙauyuka aka ƙirga, sai aka tarar Gbagyi da Koro da Gade da Gwandara da Bassa da sauransu sun fi yadda aka zata nesa ba kusa ba, kuɗin tayar da su kuma ya fi ƙarfin aljihu, har aka canja shawara a 1978, aka ce sai waɗanda aikin ya taɓa kai tsaye. Rigimar diyya da matsuguni ta daɗe tana bin birnin. Haka nan leburori da ƙananan ma'aikatan da suka gina shi, da yawansu ba su sami wurin da ya dace da aljihunsu a ciki ba, sai suka cika Nyanya da Karu da Mararraba da Suleja. Tsakanin 2003 da 2007 aka yi rusau mai yawa da sunan mayar da birnin kan taswirarsa ta asali, dubban mutane suka rasa muhalli. Abuja birni ne mai kyan gani, amma da an fara da zama da masu wurin, da an rage hawaye da asarar dukiya.

Abin da Doka Ta Tanada

Wajibi ne kowane magidanci ya san abubuwa uku na doka.

Na farko, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna, ya riƙe ta amana domin jama'a. Shi ke ba da takardar izinin mallakar fili a cikin birni, yana kuma da ikon karɓe fili saboda amfanin jama'a. In an karɓe, diyyar da ake biya ta abin da aka gina ce ko aka shuka a kai, ba ta tsurar ƙasa ba. Wanda bai san wannan ba sai ya zuba jarinsa duka a fili, ran da aka zo ya tashi hannu rabbana.

Na biyu, Dokar Tsara Birane da Yankuna ta 1992 ta tanadi cewa in an shirya daftarin taswira, a baje shi a fili jama'a su gani, duk mai ƙorafi ya rubuto, a duba ƙorafin kafin a zartar. Watau sauraron jama'a ba alfarma ba ce da ake yi mana, ƙa'ida ce da masu tsara doka suka amince da ita.

Na uku, a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa tsara birane a cikin jiha hurumin gwamnatin jihar ne. Ma'anar wannan a gare mu ita ce ƙofar da za mu ƙwanƙwasa tana kusa: Hukumar Tsara Birane ta Jihar Kano, da Ma'aikatar Ƙasa, da ƙaramar hukuma, da wakilinmu a Majalisar Dokoki ta Jiha.

Namu Laifin

Ya ku 'yan'uwa, ba zai zama adalci ba mu ɗora wa hukuma komai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wa ya cike kududdufai da shara, sa'an nan ya sayar da su fuloti? Wa ya ƙara shago a kan lambatu? Wa ya ci kamu biyu daga hanya da sunan dakali, maƙwabcinsa ya ga haka shi ma ya ci uku? Wa ya yanka burtali ya haɗa da gonarsa? Ganuwar da kakanni suka yi ɗaruruwan shekaru suna gyarawa, a wurare da yawa yau sai dai a nuna wa yaro inda take a da.

Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. A daminar 2022 ambaliya ta shiga Kasuwar Kantin Kwari ta lalata kaya masu ɗimbin yawa, 'yan kasuwa da dama suka danganta abin da gine-ginen da aka yi a kan magudanan ruwa. A 2023 kuma aka rushe shagunan da aka gina a Filin Idi na Ƙofar Mata, magana ta kai gaban kotu. Ba wurin raba gardama muka zo ba, kuma wannan rumfa ba ta siyasa ba ce. Abin da ya shafe mu shi ne, tsakanin ginawa da rushewa dukiyar bayin Allah ce ta salwanta. Da filayen jama'a suna da masu tsaronsu a cikin jama'a tun ranar da aka kawo tifar yashi ta farko, da ba a kai ga ranar katafila ba.

Wani zai ce, me talaka ya sani game da taswira? Amsa ita ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Injiniya ya san lissafin faɗin kwalbati, wannan iliminsa ne, ba mu ja da shi. Amma tsohon da ya yi shekara 60 yana noma wurin shi ya san inda ruwa ke kwanciya a watan Agusta. Ɗan garuwa ya san rijiyar da ba ta ƙafewa. Ungozoma ta san lungun da mota ba ta shiga. In an haɗa sanin nan biyu sai aiki ya yi kyau.

Wani kuma zai ce yawan shawara yana jinkirta aiki, kuma a taro mai kuɗi da mai baki su ke rinjaye. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Maganinta shi ne a sa wa shawara wa'adi, a kuma tabbata an ji daga bakin marasa ƙarfi. Jinkirin wata uku na shawara ya fi sauƙi bisa shekara goma ta shari'a. Sa'an nan mu sani, sa hannu cikin tsari ba ya nufin kowa zai sami abin da yake so. Titi dole ya bi ta filin wani. Abin da ake nema shi ne mutum ya sani da wuri, a gaya masa dalili, a biya shi hakkinsa ba tare da wulaƙanci ba.

Abin da Ya Kamata Mu Yi

Unguwarmu tana bakin gari, har yanzu akwai gonaki a kewayenmu. Abin da ya wuce wa waɗansu unguwanni, mu bai wuce mana ba tukuna. Saboda haka, da izinin Malam Liman da amincewar shugabanninmu, ga shawarwari guda shida.

Na ɗaya, a kafa kwamitin tsarin unguwa ƙarƙashin mai unguwa. A sa magini, da malamin makaranta, da ɗan garuwa, da direba, da ɗan kasuwa, da wakilan mata, da 'ya'yanmu da suka karanta safiyo da aikin injiniya. A sa masu haya tare da masu gida. A kuma gayyaci duk wanda ke zaune tare da mu, ko mene ne yarensa ko addininsa, gama ambaliya in ta zo ba ta tambayar sunan mai gida.

Na biyu, kwamitin ya zana taswirar unguwa ta kansa. A fita da damina, bayan an ɗauke ruwa, a bi lungu-lungu tare da dattawa, a rubuta inda ruwa ke bi da inda yake kwanciya, da tsofaffin kududdufai, da burtali, da rijiyoyi, da maƙabartu, da manyan itatuwa. Samari su ɗauki hoto da wayoyinsu su ajiye. Wannan ita ce hujjarmu ranar da masana za su zo.

Na uku, a tafi hukuma cikin ladabi a nemi ganin taswirar da ta shafi yankinmu, a tambaya ko akwai babbar hanya ko layin wutar lantarki ko wani aiki da aka nufa ya bi ta nan. Abin da aka samo a kafa shi a zauren mai unguwa, a yi bayaninsa da Hausa, da boko da ajami, kowa ya fahimta.

Na huɗu, duk ƙorafi da shawara a rubuta su a takarda, a kai ofis, a karɓo shaidar an karɓa, a ajiye kwafi. Maganar baki tana tafiya da ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki, takarda kuwa tana nan a fayil.

Na biyar, a gaggauta ware filin maƙabarta, da na makaranta, da na asibiti, da na wasan yara tun ƙasa tana da sauƙi. Masu hali su saya su yi waƙafi. Amma kada a tsaya ga shaidar baki. A yi safiyo, a kafa duwatsun iyaka, a nemi takarda da sunan jama'a, a kewaye ko da da itatuwa ne. Waƙafin da ba shi da takarda, bayan rasuwar mai shi da shaidunsa, sau da yawa yakan koma rabon gado.

Na shida, mai sayar da gona ya zauna da maƙwabtansa da kwamiti kafin ya ja igiya, domin hanyoyi su haɗu da juna, a bar musu faɗin da motoci biyu za su gifta. Mai saye kuma kada ya biya kuɗi sai ya bincika. Araha ba ta ado in fulotin yana kan hanyar ruwa.

Wannan masallaci kuwa shi ya kamata ya fara nuna misali. Ya wajaba a ja ginin baya daga titi gwargwadon ƙa'ida, a nemi izinin gini kamar kowa, a yi wa ruwan alwala magudana domin kada ya kwanta a ƙofar maƙwabta, a kuma tanadi harabar da za ta ɗauki masallata da abubuwan hawansu, domin kada ranar Juma'a a tare hanya mara lafiya ya rasa wurin wucewa zuwa asibiti. Ba shi yiwuwa mu nemi hukuma ta kiyaye hakkinmu alhali mu muna cin hakkin hanya.

Roƙo ga Hukuma

Ga wakilan hukuma da suka girmama mu da halartarsu, muna da roƙo. In za a yi taron jin ra'ayin jama'a, a yi shi a cikin unguwa, ba a ɗakin taron otal ba. A yi shi da harshen da mutane ke ji, a lokacin da mai neman abinci zai iya zuwa. A sanar a rediyo da bakin masu unguwanni tun da sauran kwanaki. A keɓe wa mata zama nasu, gama su ne ke wuni a gida, su suka fi sanin wahalar ruwa da ta kwata. Bayan an ji, a dawo a gaya mana abin da aka ɗauka da abin da aka bari, da dalili. Jama'ar da aka yi wa haka ita za ta zama mai gadin taswira ba tare da albashi ba, ta hana gini a kan hanya tun kafin ma'aikaci ya iso da jan fenti.

Ranka ya daɗe, Allah gafarta malamai, jama'a baki ɗaya, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yaran da ke zaune a gaban nan su za su gaji lungunan da muka bari, masu faɗi ne ko matsattsu, kuma za su san waɗanda suka bar musu. Ana roƙon masu unguwanni da dattawa da duk mai sha'awar wannan aiki su hallara a zauren Dagaci ranar Asabar mai zuwa bayan sallar la'asar, domin a zaɓi 'yan kwamiti.

Allah Ya sa albarka a wannan gini, Ya ba da ikon kammala shi. Allah Ya saka wa waɗanda suka ba da fili da dukiya da ƙarfinsu da mafificin alheri. Allah Ya yi wa shugabanninmu jagora, Ya zaunar da unguwarmu da birninmu da ƙasarmu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya. Amin.